Ƙofar Gefen Coci, Ƙarfe Shida

Litinin, 8 ga Yuli, 7:10 na safe

Lauyata ta ce in riƙa rubuta duk inda na je da lokacin da na je, saboda kotu. Shi ya sa na sayi wannan littafin. Ba ta ce in rubuta sauran ba, amma gidan babu kowa, firji kuma ba ya amsa magana.

Ga inda ake. Ranar 20 ga Agusta za mu tsaya gaban alƙali. Sun karɓe lasisina na tuƙi. Matata Salwa ta ɗauki 'yarmu Mubina sun koma Summerfield, gidan yayanta Alhaji Zubair, yau kwana takwas. Lauyar ta ba ni wata takarda mai layi-layi, wai in nemi irin mitin ɗin da mashaya ke yi tsakaninsu, duk zuwa ɗaya wani ya sa mini hannu. Ita ta faɗi kalmar, ba ni ba.

Motata tana nan a ƙofar gida tun ranar Asabar ɗin. Ban buɗe ta ba. Ta gilashi ana hango kujerar Mubina da takalminta ƙafa ɗaya.

Kwana tara ban taɓa kwalba ba.

Talata, 9 ga Yuli, 12:30 na rana

Kamfani ya haɗa ni da wani abokin aiki, shi yake tuƙi, ni ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Bai tambaye ni dalili ba. Mutanen ƙasar nan suna da wannan halin, Allah ya saka musu.

Lokacin cin abinci na duba jerin mitin a waya. Ashe garin nan cike yake da mu. Safe akwai, rana akwai, yamma akwai, na mata daban, na masu Sifaniyanci daban. Kusan duka a coci ake yi, a ɗakin ƙasa. Na cire duk wanda ke kusa da masallaci, da wanda ke kusa da shagon kayan miyar gida, da wanda ke layin da Hajiya Fourera take kitso. Da na gama cirewa saura kaɗan.

Laraba, 10 ga Yuli, 6:45 na yamma

Na kira Salwa. Ta ɗauka a karo na uku. Na ce zan turo manya biko.

Ta ce, "Kar ka turo kowa, Abban Mubina. Shekara shida ina ce wa mutane ciwon kai ne ya hana ka fitowa. Shekara shida ina kwashe kwalabe ina kai su shara a wata unguwa. Yanzu ana cewa ni ce mai yaji ba dalili, Yaya ma harara yake mini. Ban gaya masa komai ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ka zo da bakinka ka faɗa masa abin da ya fitar da ni. In ka yi, sai mu ga."

Na ce mata an yi zafi yau. Ta kashe wayar.

Alhamis, 11 ga Yuli, 7:30 na yamma

Na shiga wani mitin ta waya, kyamara a kashe. Ina jin su ina wanke kwanuka. Wani yana kuka daga wata jiha. Na gama wanke-wanken kafin ya gama kukan. Lauyar ta ce na ido da ido ya fi nauyi a wurin alƙali.

Asabar, 13 ga Yuli, 2:00 na rana

Na yi dabara, dabarar ta ci ni.

Na zaɓi mitin na ƙarfe goma a Pleasant Garden, inda nake da tabbacin ko kazar Bahaushe ba ta zuwa. Bas ba ya kaiwa can, sai na kira motar haya ta waya. Ban duba sunan direban ba. Motar tana tsayawa aka sauke gilashi.

"Ah, Malam Garzali! Ina kwana? Ina motarka, ta yi panne ne, ta lalace?"

Lamine. Mutumin Damagaram, a sahu ɗaya muke tsayawa kowace Juma'a. Minti ashirin da biyar muna gaisuwa, ya tambayi Salwa, ya tambayi Mubina, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Sai wayarsa ta ce mun iso. Ya ɗaga kai ya dubi gicciyen da ke saman ginin, ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Aiki ne."

Ya dubi hannuna. Ko sukuddireba babu. Ya ce, "Bon. D'accord. Allah ya ba da sa'a."

Ƙofar a kulle take. An manna takarda wai mitin ya koma wani wuri tun watan Mayu. Na tsaya a filin ajiye motoci ina kallon wani tsoho yana yanke ciyawa. Wajen komawa sau biyu ina soke mota har aka ba ni direban da sunansa ba irin namu ba.

Kwana goma sha huɗu. Takarda fara fat.

Talata, 16 ga Yuli, 8:00 na yamma

Na haƙura da nesa. Akwai wani a cikin gari, tafiyar minti bakwai daga tashar bas, Talata da Alhamis ƙarfe shida. Ƙofar gefe ake bi, a sauka matakala.

Kujeru ashirin a zagaye, kofi mai ɗaci, mutum goma sha uku. Kowa ya faɗi sunansa ɗaya kawai da abin da yake. Da aka zo kaina na ce sunana Gary. Suka amsa gaba ɗaya, wai sannu Gary. Ban ƙara komai ba, ba wanda ya matsa. Rabin lokacin na'urar sanyin ɗakin nake saurare. Fankarta ta ci ƙarfe, ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Da aka tashi na kai takardar wurin mai sa hannu, wani dattijo baƙi mai furfura, da tabarau a ƙarshen hanci. Ya sa hannu bai ɗago ba. Sannan a hankali, da Hausa tsaf, ya ce:

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Ya gajiya?"

Ban san lokacin da na hau matakalar ba. Ban jira bas ba, da ƙafa na taho. Akwai shago a hanya, na shiga na sayi kwalba.

Laraba, 17 ga Yuli, 4:00 na yamma

Ban je aiki ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, 6:00 na safe

Kwana ɗaya.

Lahadi, 21 ga Yuli, 11:00 na safe

Na share gida. Na wanke banɗaki. Na zagaye motar na wuce. Na sake duba jerin mitin, na ga babu inda ya rage sai can.

Talata, 23 ga Yuli, 8:15 na yamma

Na koma. Dattijon sunansa Nicodemus, mutumin Kafanchan, ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya. Shekararsa goma sha ɗaya bai sha ba. Bai ce komai a kan gudun da na yi ba, sai ya miƙo mini kofi ya ce wanda yake haɗa shi bai taɓa ganin shayi na gaske ba.

Na ce masa sunana ba Gary ba ne. Ya ce, "Na sani. Wane Gary ne zai shigo ɗaki da ƙafar dama yana motsa baki?"

Na tambaye shi ko sai na yi addu'arsu. Ya ce ɗakin kawai cocin ya ba su aro. "In mun tashi muna tamu, ka yi taka a zuci. Akwai Bayahude a cikinmu, akwai wanda bai yarda da komai ba sai karensa. Ba wanda ya zo nan neman addini, ɗan'uwa. Gobe muke nema."

Na ji daɗin maganar, kuma na ji haushin jin daɗin.

Kwana shida. Sa hannu biyu.

Alhamis, 25 ga Yuli, 8:00 na yamma

Fankar ta mutu kamar yadda na ce. Na zo da jakar aiki na canza ta kafin a fara. Sun tafa mini. Wata mata ta ce wannan ne abu mafi amfani da aka yi a ɗakin tun da ta fara zuwa.

Asabar, 27 ga Yuli, 1:30 na rana

A shagon kayan miya na ga Baba Nicodemus yana zaɓen daddawa. Muka haɗa ido. Ya wuce ni kamar ya wuce buhun garin rogo. Ko ɗaga gira bai yi ba.

Abin ya tsaya mini a rai har gida. Na ce dama haka ne, a ƙasan coci ɗan'uwa, a gaban mutane kuma ba a san mashayi ba. Na yi ta zagaye a falo. Ban fita ba.

Talata, 30 ga Yuli, 8:10 na yamma

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Ka'idarmu ce. A waje ban san ka ba sai in kai ka fara gaishe ni. Da na ce maka sannu a gaban Hajiyoyin nan, ba za su tambaya ina ka san dattijon coci ba? Wallahi ɗan'uwa, barin kwalba bai ba ni wuya kamar wuce ɗan Arewa ban gaishe shi ba. Da na shiga mota sai da na ce maka sannu ni kaɗai."

Yau na yi magana a mitin. Minti biyu. Na faɗi yadda na fara a shekarata ta farko a ƙasar nan, lokacin da ba ni da kowa sai aiki da talabijin. Ban faɗi na ranar Asabar ɗin ba.

Kwana goma sha uku.

Juma'a, 2 ga Agusta, 3:30 na yamma

A masallaci wani abu ya canza. Waɗansu sun gaishe ni da sauri suna kallon takalmansu. Malam Abubakar Sadiq, na'ibin liman, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa Allah ya tabbatar da zukatanmu, Allah ya tabbatar da zukatanmu. Na ce amin. Ya ƙara matse hannun.

Da na dawo na ga saƙon Salwa. Ta ce an gan ni a coci a Pleasant Garden, an kuma gan ni sau uku ina shiga wani a cikin gari ta ƙofar gefe. Na rubuta mata abin da ake yi a can. Sannan ta rubuto:

"To. Su cewa suke ka yi ridda, wai shi ya sa na tafi. Yanzu tausayina ake ji, har abinci ake aiko mini. Ban gyara musu ba. Na daina yi wa mutane bayaninka."

Duk lissafin da na yi na ɓuya, na masallaci da shago da kitso, ban taɓa tunanin abin da Bahaushe zai ɗauka in ya ga Musulmi yana laɓaɓawa cikin coci ba. Na yi dariya ni kaɗai a kicin. Ba ta yi daɗi ba.

Asabar, 3 ga Agusta, 10:00 na safe

Alhaji Zubair ya kira. Gobe bayan la'asar, a gidansa. Zai turo mota.

Na kira Baba Nicodemus. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Kana da mafita ai. Ka ce gyara kake musu. Ba ƙarya ba ce duka, da idona na ga ka canza fanka, in an kira ni zan shaida. Ni dai shekara ashirin na yi a kan irin wannan rabin gaskiyar, ta riƙe ni da kyau har ranar da matata Serah ta kwashe 'ya'yanta. Amma kai ka san gidanka."

Na goge babbar riga.

Litinin, 5 ga Agusta, 5:50 na safe

Jiya. Zan rubuta shi yadda ya zo.

Lamine aka turo. Duk hanya ya kunna karatun Alƙur'ani ya ƙara sauti, ina jin don ni ne. Muka wuce gonakin dawakan nan. Dawakai sun fi ni kwanciyar hankali.

A falo akwai Alhaji Zubair, da Malam Abubakar Sadiq, da Alhaji Tassiou shugaban 'yan Nijar, Lamine kuma ya zauna kusa da ƙofa a matsayin shaida. An kawo ruwa da dabino, ba wanda ya taɓa. Ban ga Mubina ba, an kai ta maƙota. Salwa tana tsaye a bakin kicin, rabin jikinta a bayan labule.

Malam ya yi nasiha ta kusan rabin awa. Ya kawo ayoyi, ya yi maganar kabari, ya ce ƙasar nan tana sace mutum a hankali. Mutumin kirki ne, da gaske yake tsoro saboda ni.

Sai Alhaji Zubair ya gyara zama. Bai taɓa ƙaunata sosai ba, amma ba ya son abin kunya a zuri'a. Ya ce, "Garzali, ni na ce musu a bi a hankali. Kai mai gyaran AC ne. An ce ranar Alhamis an gan ka da jakar aiki. Ko contract suka ba ka? In aiki ne ka ce aiki ne, kowa ya tafi gida."

Ya ajiye mini ita a gabana kamar faranti. Duk suka zuba mini ido, kowa yana so in ɗauka. Na dubi bakin kicin. Salwa ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo, irin kallon da take yi in tana shirin ce wa baƙi ina da ciwon kai.

Na ce, "Alhaji, ba aiki ba ne. Kuma ban bar addinina ba, ko sallar asuba ta yau na yi. Giya nake sha. Shekara tara. A ƙasan cocin akwai mitin na masu son dainawa, shi nake zuwa."

Sai Alhaji Tassiou ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Alhamdulillahi! Giya ce kawai!"

Malam ya juya ya harare shi. Ya sauke hannun yana cewa a'a, ba haka yake nufi ba, haramun ce, bien sûr, amma dai. Lamine ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana motsi.

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma ba wannan aka ce in faɗa ba. Na ce, "Ranar 29 ga Yuni 'yan sanda sun tsayar da ni a titin Wendover da rana tsaka. Na sha. Mubina tana baya. Salwa ce ta je ta karɓo ta a hannunsu. Abin da ya fitar da ita ke nan, ba ta da laifin komai."

Ba wanda ya ƙara cewa alhamdulillahi. Alhaji Zubair ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wajen kicin ya ce, "Salwa. Wata guda ina miki faɗa, kika yi shiru?" Ta saki labulen. Na ji ƙarar famfo.

Ya ce in tashi in tafi, zai neme ni. Bai ba ni hannu ba. A mota Lamine ya rage sautin karatun. Kusa da gida ya ce, "Malam Garzali, ni na kai maganar. Ka yafe ni." Na ce ba komai. Da ni ne ma da na kai.

Kwana goma sha tara.

Talata, 6 ga Agusta, 8:05 na yamma

Ba ta kira ba. An cire ni daga jerin masu kai yara Islamiyya ranar Asabar, kuma daidai ne. Mutum biyu sun kira sun yi mini addu'a, ɗaya ya kira don ya ji ƙarin bayani. A mitin na faɗi na ranar Asabar ɗin da Turanci. Baba Nicodemus ya sa hannu na shida.

Laraba, 7 ga Agusta, 7:00 na yamma

Ba ta kira ba.

Alhamis, 8 ga Agusta, 8:30 na yamma

Biyar da rabi ina ɗaure takalmi zan fita neman bas na ji hon. Motar Salwa. Ita kaɗai, da hijabinta ruwan toka na zuwa aiki. Ta sauke gilashi ta ce, "Ɗauko mini takalmin Mubina. Kullum sai ta tambaya."

Na koma na nemo makullin. Motar ta yi zafi kamar tanda, tana warin abin da na sani. Takalmin yana ƙarƙashin kujerar, ɗan ƙarami, ya cika tafin hannuna kawai. Na daɗe a tsugune. Ba ta yi hon ba.

Da na miƙa mata ta ce, "Shiga. Ƙarfe shida ne ko?"

Ba mu yi magana a hanya ba sai kwatance. Da muka iso ta tsaya a gaban cocin, daidai ƙarƙashin allon sunansa, inda duk mai wucewa zai gani. Na ce akwai wurin ajiye mota a baya, ba mai ganinta a can.

Ta kashe injin. Ta ce, "Ni na gama ɓuya, Abban Mubina. Sauka, za ka makara."

Ban ji rabin abin da aka faɗa a mitin ba. Na'urar sanyin tana aiki lafiya, ba ni da abin saurare sai zuciyata. Bakwai da minti biyar na hau matakalar. Motar tana nan inda na bar ta.

Akwatinta ba ya ciki. Na duba kujerar baya, na duba har ƙasa. Ta sauke ni a gida, ba ta fito ba. Ta ce ranar Talata ma biyar da rabi, kar in sa ta jira.

Kwana ashirin da biyu.